Me Ke Sa Yaro Ya Daina? Tsokaci A Kan Rawar Balet Da Wasan Langa

Wata ranar Laraba muna zaune a ɗakin malamai a Dutsin-Ma, muna jiran a kaɗa ƙararrawar komawa aji, sai wani abokin aikina ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, zo ka ga abin mamaki." Na karɓa na duba. Wani yaro ne siriri, ba takalmi a ƙafarsa, yana tsaye a kan daɓen siminti ana ruwan sama. Sai ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya juya, ya sake juyawa kamar katantanwar da yara ke murzawa, ya daka tsalle ya dira ba tare da ko tangaɗi ba. Abokin nawa ya girgiza kai ya ce, "Wannan kam baiwa ce, da ita aka haife shi." Duk wanda ke ɗakin ya amince, aka koma hirar albashi. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, don a ganina da wannan kalma ta "baiwa" mu malamai muke wanke hannunmu daga yaran da suka fara abu suka bari.

Sunan yaron Anthony Madu, kuma shekararsa 11 lokacin da aka ɗauki hoton a watan Yuni na 2020. Ɗalibi ne a wata ƙaramar makarantar rawa mai suna Leap of Dance Academy da ke unguwar Ajangbadi a Legas, wadda Daniel Ajala ya buɗe a 2017 yana koyar da 'ya'yan talakawa kyauta. Shi kansa Ajala babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa, ta hanyar kallon hotuna a intanet ya koya. Miliyoyin mutane sun kalli hoton Madu, wata babbar makarantar rawa ta Amurka ta ba shi gurbin karatu, daga baya ya tafi makarantar Elmhurst da ke Birmingham a Ingila, har a 2024 aka fitar da fim a kan rayuwarsa. Wannan shi ne ɓangaren labarin da duniya ke so. Ɓangaren da ya dame ni shi ne na kafin ruwan saman, wato watanni da shekarun da yaron ya yi yana maimaita abu ɗaya babu mai kallo, tsaransa suna yi masa dariya wai namiji yana rawar mata. Me ya hana shi dainawa? Kuma me ke sa dubban yara irinsa su daina?

Bari mu fara da bayyana abin da ake nufi da balet, don yawancin masu karatu ba su taɓa ganinta ido da ido ba. Rawa ce da ta samo asali a fadodin sarakunan Italiya a ƙarni na 15, ta bunƙasa a Faransa, inda Sarki Luwi na 14, wanda shi kansa ɗan rawa ne, ya kafa mata makaranta a birnin Faris a 1661. A zamaninsa ne aka tsara hanyoyi biyar na ajiye ƙafafu waɗanda har gobe da su ake fara koya wa kowane yaro. Mai kallo yana ganin tsalle da juyi da tsayuwa a kan yatsun ƙafa. Mai koyo kuwa abin da ya sani shi ne wani dogon sanda da aka kafa a jikin bango, wanda zai dafa ya riƙa lanƙwasa gwiwa yana miƙewa, yana zura ƙafa yana janyewa, yau da gobe da jibi. Gwanar da ta yi shekara 20 tana rawa a gaban jama'a da wannan lanƙwasa gwiwar take fara yininta, daidai da yarinyar da ta fara jiya. Ba a barin yarinya ta hau kan yatsunta sai ta kai shekara 11 ko 12, bayan ta yi shekaru tana shiri, saboda ƙasusuwan ƙafarta ba su gama ƙwari ba. Ashe kuwa ba abin mamaki ba ne idan babbar matsalar malaman balet a duk duniya ita ce yadda za su riƙe ɗalibansu.

Kada mai karatu ya zaci kira nake a buɗe makarantar balet a Kurfi. Suturarta da yanayinta ba su dace da tarbiyyarmu ba, kuma ba mu rasa namu ba. Na kawo ta ne don masana kimiyya sun yi bincike a kan masu yinta fiye da yadda suka yi a kan wasanninmu, alhali jikin ɗan Adam ɗaya ne. Lokacin da muke yara a Kutawa, da zarar an kawar da amfanin gona, farin wata ya fito, dandali ya cika. 'Yan mata na gefe guda suna gaɗa, ɗaya ta juya baya ta faɗo a hannun ƙawayenta, su cafe ta su cilla sama, ta dira a kan ƙafafunta. Mu kuwa langa muke yi. Ka kama yatsan ƙafarka ɗaya ta baya, ka yi ta tsalle a kan ɗayar, kana ture abokan hamayya, kana kare wanda ake kira ruwa har ya isa wurin sha. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya fita. Wanda duk ya taɓa ganin 'yan Koroso na Kano suna naɗe jiki, ko 'yan kokawar da ke neman takobi a Jamhuriyar Nijar tun daga 1975, ya san cewa horar da jiki har ya yi abin da idon mutum zai ƙi yarda da shi ba a Turai aka fara shi ba. Langa ma yanzu tana cikin wasannin gargajiya da ake gasarsu a matakin ƙasa, tare da dambe da kokawa.

To, mene ne ke faruwa a jikin ɗan langa ko 'yar balet sa'ad da suke tsaye a kan ƙafa ɗaya? Dokar mai sauƙi ce: muddin tsakiyar nauyin jiki, wadda ke wajajen ƙasan cibiya, tana saitin tafin ƙafar da ke ƙasa, mutum ba zai faɗi ba. Wahalar ita ce tafin ƙafa ɗaya wuri ne ƙarami, jiki kuma ba ya daina 'yar karkata. Saboda haka ƙwaƙwalwa na karɓar rahoto ba ƙaƙƙautawa daga wurare uku. Ido na gaya mata inda ƙasa da bango suke. Tsokoki da gaɓoɓi na gaya mata yadda kowace gaɓa ta lanƙwasa da inda nauyi ya danna. Na uku shi ne can cikin kunne, inda akwai wasu 'yan bututu uku masu siffar rabin zobe, cike da ruwa, da ƙananan gashi a gindinsu. Idan kai ya juya sai ruwan ya motsa, ya kwantar da gashin, saƙo ya tafi. Wani sashe da ke wajen ƙeya, wanda ake kira ƙaramar ƙwaƙwalwa, shi ke haɗa rahotannin nan ya umarci tsokokin idon sawu da na ƙugu su gyara, tun kafin mutum ya san ya karkata.

Wannan ruwa na cikin kunne shi ne sirrin hajijiya. Idan yaro ya yi ta juyawa sa'an nan ya tsaya cak, ruwan bai tsaya tare da shi ba, sai kunne ya ce ana juyawa, ido ya ce an tsaya, jiri ya kwashe shi. Amma a wata shahararriyar rawar balet da ake kira Tafkin Dinya, akwai wurin da mai rawa ke juyawa sau 32 a jere a kan ƙafa ɗaya, ta gama ta tsaya daram. Wani ɓangare na wannan dabara ce, wato ta kafa ido a wuri ɗaya, kanta ya zama na ƙarshen barin wurin kuma na farkon dawowa. Sauran kuwa sai a 2013 aka gane shi, sa'ad da Dokta Barry Seemungal da abokan aikinsa a Kwalejin Imperial ta Landan suka ɗauko mata 29 'yan balet da mata 20 masu tseren kwale-kwale, suka ɗora kowacce a kujera mai juyawa a cikin ɗaki mai duhu, inda dabarar kafa ido ba za ta yi aiki ba. Bayan an tsayar da kujerar, jirin 'yan balet ya fi saurin wucewa. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu kuma, sai aka ga wani yanki na ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke karɓar saƙon kunne ya fi ƙanƙanta a wurinsu. Masu binciken sun danganta wannan da shekarun horo: ƙwaƙwalwa ta koyi rage sauraron saƙon da ke kawo jiri.

A nan gizo ke saƙar. Irin wannan canji a hankali yake zuwa, kuma yaro ba ya ganinsa. Manomi na iya leƙa gonarsa ya ga gero ya ƙara tsawo, amma yaron da ke horar da jikinsa yakan yi makonni yana ganin kamar jiya da yau ɗaya ne, alhali aiki na tafiya a ciki. A wannan tsakani ne ake rasa shi. A da dandali ne ke riƙe mu, don ba mu san horo muke ba, wasa muke yi da abokanmu. Yau rashin tsaro da ya addabi ƙauyukan wannan yanki a 'yan shekarun nan ya kashe fitar dare a wurare da dama, waya kuma ta cinye abin da ya rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi a kullum, wani babban bincikenta da aka buga a 2019 kuma ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasan duniya 'yan makaranta ba sa cika wannan, 'yan mata sun fi samari naƙasu. Saboda haka nauyin da dandali ya ɗauka ya dawo kan makaranta, ko mun so ko mun ƙi. Abin tambaya shi ne ko mun iya ɗaukarsa.

Dabarar farko da babba ke kamawa idan yaro ya fara sanyi ita ce alkawarin lada: je ka, in ka dawo ga naira ɗari, ga biskit, ga sabon takalmi. Iyayen 'yan balet a Turai da Amurka sun fi kowa yin haka. A 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam su uku, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett, suka gwada wannan a wata makarantar renon yara da ke Jami'ar Stanford a Amurka. Sun zaɓo yaran da aka ga suna son zane da alƙalamai masu launi don kansu, suka kasa su uku. Kashi na farko aka ce musu in sun yi zane za a ba su takardar yabo mai ado. Kashi na biyu ba a yi musu alkawari ba, amma da suka gama sai aka ba su takardar ba zato. Kashi na uku ba alkawari, ba kyauta. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake ajiye alƙalaman a aji, aka laɓe ana kallo. Yaran da aka yi wa alkawari sun ɗauki kimanin rabin lokacin da sauran suka ɗauka suna zane. Wato abin da a da suke yi don daɗi ya koma aikin lada a idonsu, ba lada kuwa ba aiki.

Wani zai ce ai mu al'adarmu ce a yi wa gwani kari, ɗan kokawa ya kayar a manna masa kuɗi a goshi, kuma ba mu ga ya daina kokawa ba. Gaskiya ne, binciken ma bai saɓa wa wannan ba. A duba kashi na biyu: kyautar da ta zo ba zato ba ta rage musu sha'awa ba. Bambancin kari da ciniki ke nan. Kari yana zuwa ne bayan an yi bajinta, yana cewa mun gani, mun yaba. Ciniki kuwa yana zuwa tun kafin a fara, kuma abin da yaro ke ji a ciki shi ne, wannan abu ba shi da daɗin da za a yi shi sai an biya. Yara ba su da wauta, suna jin wannan saƙo sarai.

Yabo ma yana da nasa tarkon, kuma a nan ne na dawo kan maganar abokin aikina. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck na Jami'ar Kolombiya sun ba 'yan aji biyar na firamare wasu tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa. Wasu aka yabe su da cewa suna da basira, wasu aka yabe su da cewa sun yi ƙoƙari. Sa'an nan aka ba su masu wuya da gangan don su kasa. Waɗanda aka ce suna da basira sun fi saurin karaya, sun fi zaɓen aiki mai sauƙi, da yawansu ma sun ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗa wa wasu yara. Adalci ne in faɗa wa ɗalibai cewa da wasu masana suka maimaita wannan gwaji a wasu wurare ba kullum suka sami sakamako mai ƙarfi haka ba, kuma haka kimiyya take, ba a rufe littafi a kan gwaji ɗaya. Amma hankali ma ya isa ya nuna hatsarin. Idan ka gaya wa yaro da gudu aka haife shi, ranar da wani ya tsere masa me zai ce wa kansa? Ashe ba a haife ni da shi ba. Mafi muni, sauran yara 50 da ke ajin sun ji cewa su ba a haife su da komai ba, su koma gindin darbejiya su zauna.

Duk waɗannan kurakurai ne na masu kyakkyawar niyya. Akwai wanda ya fi su ɓarna, kuma mu ne gwanayensa: gwale-gwale. Yaro ya makara, a ce ya zagaye filin ƙwallo sau biyar. Ya yi surutu, tsallen kwaɗo. Bai kawo aikin gida ba, kamun kunne ko tsayuwa da ƙafa ɗaya a rana. A ajinmu na firamare akwai wani yaro da babu mai iya ture shi a langa duk garin, kullum shi ake sa wa ruwa. Maraya ne, sai ya ɗebo wa kakarsa ruwa kafin ya taho, saboda haka kusan kullum a makare yake, kusan kullum kuma sai ya yi tsallen kwaɗo daga bakin ƙofa zuwa ofishin hedimasta muna kallo. Shekarar da aka zo zaɓen waɗanda za su wakilci makaranta a wasanni aka neme shi aka rasa, ya ɓuya a bayan aji. Na tambaye shi dalili, ya ce shi ya gaji da a tara mutane suna kallonsa yana tsalle. Ba na faɗar wannan don in nuna wa kowa yatsa, ni ma da na zama malami na sa yara tsallen kwaɗo ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma mu tsaya mu yi tunani. Shekara shida muna koya wa yaro cewa gudu da tsalle da gumi su ne sakamakon laifi, sa'an nan ranar wasannin gidaje mu yi mamakin ya ce ƙafarsa na ciwo. A makarantu da yawa ma lokacin darasin motsa jiki shi ne na shara da cire ciyawa, ko na malamin lissafi da bai gama manhaja ba. Na san ladabtarwa wajibi ce, aji mai ɗalibi 70 ba ya riƙuwa da murmushi kaɗai. Amma hanyoyin ladabtarwa suna da yawa, a bar mana wannan ɗaya.

Akwai kuma wani lokaci da yaro ke dainawa ba don laifin kowa ba, sai don jikinsa ya yaudare shi, kuma a ganina wannan ne ya fi cancantar a koyar da shi a ajin kimiyya. Wajen shekara 11 zuwa 12 ga 'yan mata, 13 zuwa 14 ga samari, tsawo kan zo da gudu, har mutum ya ƙara santimita 8 zuwa 10 a shekara guda. Ba kuma a tare gaɓoɓin ke girma ba. Tafin hannu da na ƙafa ne ke fara yin gaba, sai sangali da cinya, gangar jiki ta biyo baya. Ƙashi na riga tsoka tsawo, sai tsokar ta ɗaure, yaron da ke taɓa ƙasa da tafin hannu bara ya kasa kai wa idon sawu bana. Tsakiyar nauyin jiki ta canza wuri, ƙaramar ƙwaƙwalwa kuma tana aiki da tsohon awo, kamar direban da ya saba da ƙaramar mota aka ba shi tirela. Malaman balet sun san wannan mataki ƙwarai: yarinyar da ke juyi uku lafiya lau sai ta koma ɗaya ma da ƙyar. Nagarinsu sukan rage mata tsalle, su ƙara mata miƙe jiki, su kuma zaunar da ita su gaya mata cewa abin na ɗan lokaci ne. Mu fa? Sai mu ce ya lalace, ta zama raguwa. Ga 'ya mace abin ya fi tsanani, don a daidai lokacin ne ƙirjinta ke fitowa, al'ada ta fara, kunya ta ƙaru, aikin gida ya ninka. In aka ce ta fito fili a gaban samari da malamai maza, ba za ta fito ba, kuma ba ta yi laifi ba. Maganin ba mai tsada ba ne: wuri killatacce, malama mace, sutura mai rufe jiki da ba ta hana motsi, da izinin hutawa ranar da ba ta jin daɗi ba tare da an tsare ta da tambaya ba. Gaɗa ma ai ba a gaban maza aka ƙirƙiro ta ba.

Na san akwai masu cewa duk wannan lallashi ne irin na Turawa, gwani sai da wuya, kuma sai an sha wuya akan sha daɗi. Za su kawo misalin makarantun balet na Rasha da suka yi suna wajen tsanani, ko horon da ɗan dambe ke sha a hannun ubangidansa. Ban musa ba, babu gwanin da bai sha wuya ba. Amma yaushe? A 1985 Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya fitar da sakamakon binciken da shi da abokan aikinsa suka yi a kan mutum 120 da suka kai ƙololuwa a fannoninsu, daga masu ninƙaya da 'yan wasan tanis da makaɗan fiyano zuwa masana lissafi. Abin da aka tarar shi ne malamansu na farko galibi ba shahararru ba ne, mutanen unguwa ne masu fara'a da son yara, waɗanda suka mai da koyo kamar wasa. Malami mai tsanani daga baya yake zuwa, bayan yaro ya riga ya kamu da son abin, har shi da kansa yake neman a matsa masa. Wanda ya fara da tsanani kuwa, muna ganin mutum ɗaya da ya jure ya zama gwani, ba ma ƙirga ɗarin da suka gudu. Balet ɗin ma tana da nata tabon: raunin ƙafa da na ƙugu, da 'yan matan da ke hana kansu abinci don a ce musu sirara har su kamu da cuta. Ba duk abin da ake yi a can ne abin koyi ba.

To idan yaro ya zo ya ce ya gaji, zai daina, sai a yi yaya? Ra'ayina shi ne kada a ce masa to nan take, kada kuma a ce masa bai isa ba. A fara binciko abin da ke ƙarƙashin maganar, don "na gaji" riga ce da abubuwa da yawa ke sawa. Wataƙila wani ne ke yi masa ba'a, wataƙila amininsa ne ya daina zuwa, wataƙila yunwa ce, don yaron da ya fito gida da kokon safe kaɗai ba zai yi gudu da azahar ba. Wataƙila kuma ciwo ne na gaske. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan horo ba komai ba ne, amma ciwon da ya tsaya a gaɓa ɗaya, kamar ƙasan gwiwa ko diddige, musamman a shekarun girma, na asibiti ne, ba na "daure" ba. In an duba duk ba wannan ba, sai a yi yarjejeniya da shi ya kai ƙarshen zangon karatu, sa'an nan zaɓi nasa ne, ko ya ci gaba ko ya koma wani wasan. Masana irin su Edward Deci da Richard Ryan sun daɗe suna nuna cewa mutum ya fi dagewa a kan abin da yake jin da yardarsa yake yi, yana ganin yana ƙara iyawa, kuma yana tare da mutanen da suka damu da shi. Yaron da ya bar langa ya kama gudu bai yi asarar komai ba, ƙafafun da ya horar suna nan tare da shi.

Cikin waɗannan ukun, ganin ana ƙara iyawa shi ne wanda malami ya fi iko da shi, kuma ba ya bukatar ko sisi. Ga wani gwaji da nake yi da 'yan ajina, wanda kowane malami ko ɗalibi zai iya farawa gobe. A sami wuri mai laushi nesa da tebur da dutse, a cire takalmi. Ɗalibai su kasu biyu-biyu, ɗaya na gwadawa, ɗaya na ƙirga daƙiƙa yana kuma shirin tare shi. Mai gwadawa ya riƙe ƙugu, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ido a buɗe, a rubuta daƙiƙar da ya yi kafin ya sauke. Sa'an nan ya sake yi ido a rufe. Kusan kowa zai ga lokacinsa ya faɗi warwas, don an ɗauke wa ƙwaƙwalwa ɗaya daga cikin masu kawo mata rahoto uku, kuma wannan kaɗai ya isa darasin yini guda. A ci gaba da yi minti biyar kullum har mako biyu, kowa na rubuta nasa a bayan littafinsa, ya zana jadawali, kwanaki a kwance, daƙiƙoƙi a tsaye. Sharaɗi ɗaya ne: ba a karanta na kowa a gaban aji, ba na ɗaya ba na ƙarshe, kowa da nasa na ranar farko zai kwatanta. Za a ga layin ba ya hawa a miƙe, yakan tsaya kwana uku wuri ɗaya, wani lokaci ma ya sauko, sa'an nan ya yi sama. A nuna musu wuraren da ya tsaya ɗin, a tambaye su me da ya faru da sun daina a ranar. Ɗalibin da ke cikin shekarun saurin tsawo ya auna tsawonsa a jikin bango ya rubuta a gefe, bayan wata shida ya sake duka biyun. Ni ma ina yi tare da su, kuma har yanzu ƙafata ta hagu ta ƙi kamo ta dama, abin da 'yan aji biyu ba sa gajiya da tuna mini.